Saura Cibiya

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Sun fara tun rana ba ta yi zafi ba. Tak-tak-tak, tak-tak-tak. Ina kicin ina feraye gwaza, garejin kuwa bango ɗaya ne ya raba mu, to duk bugun da tufuga, gwanin jarfa, ya yi wa mijina sai na ji shi a haƙorana. Mako na biyu ke nan ana yi wa Niko pe'a, jarfar mazanmu ta Samowa, daga kugu har gwiwa. An gama baya, an gama mazaunai, an gama cinyar hagu. Tsohon yana tsoma ɗan matajin haurensa a tawada, ya ɗora a fata, ya bi da sanda. Maza biyu suna ja masa fatar, ɗaya yana goge jini. Niko ko tari ba ya yi.

Manase, ɗan ƙanin babansa, shi ne soa ɗinsa, don ba a yi wa mutum pe'a shi kaɗai, sai da abokin shan wuya. Shi Manase in an zo kansa har kiran uwarsa yake, "Wayyo Mama, ki zo ki ɗauki ɗanki," gareji ya kwashe da dariya. Niko kuwa shiru, shi ya sa kowa ke yabonsa.

Baba Aleki, surukina, yana bakin ƙofa a keken guragunsa tun asuba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara yake cewa yana so ya ga ɗansa cikin tufafin maza kafin ya tafi. Saboda shi aka ɗauko tufuga a jirgi tun daga tsibirin Savai'i, can gida, har nan garin Logan inda muke zaune. Ni kuwa aka bar ni da girkin mutum ashirin da 'yan kai, kullum, a wannan zafi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Niko yana da ciwon hanjin nan da likitoci ke kira Crohn tun kafin mu yi aure. Allura ce ke riƙe da shi. Likita ta gaya masa mai karɓar wannan allura ba ya jarfa, don tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ya ce to, ya dawo gida ya daina zuwa karɓar allurar tun kafin Kirsimeti. Wai shi nan ya warware matsala. Namiji ke nan!

Har sai an rufe aikin da jarfar cibiya, an fasa masa ƙwai a ka, an shafe shi da man kwakwa da kurkum, ba nawa ba ne. Ba ya kwana a gadona, ba ya fita shi kaɗai. A tabarma yake kwana a gareji, shi da Manase. Na gaji da gadon nan mai faɗi.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da la'asar

Na kai masa shayi na tarar yana rawar sanyi. A Fabrairu, da zafin da ko kare ba ya fita!

Gwaggo Losa, yayar Baba, ta taɓa goshinsa ta ce, "Zazzaɓin jarfa ne. Babansa ma haka ya yi a lokacinsa, bai san inda kansa yake ba."

Na ce, "Gwaggo, babansa yana da ciwon hanji?"

Ta ce, "Ke dai Fuatino ki kula da tukunyarki. Taliyar jiya gishiri ya yi mata yawa."

Na haɗiye. Allah na gani na haɗiye.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

Na wanke banɗaki kafin baƙi su fara shiga. Ba zan rubuta launin abin da na gani ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na tare shi a bayan gida wajen igiyar shanya. Manase ya tsaya can nesa yana kallon sama, wai shi ba ya ji. Niko yana tafiya ƙafa a buɗe, kowa ya ɗauka jarfa ce. Ni na san ƙurjin nan na ƙasa ne ya dawo, wanda ke hana shi zama a motar ɗaga kaya in yana aiki a sito.

Na ce, "Niko, mu je asibiti."

Ya ce, "Saura cinya ɗaya da cibiya."

"Jiya ma haka ka ce."

"To ai jiya ma gaskiya na faɗa."

Ya yi murmushi, leɓensa duk ya tsage. Na ji kamar in kwaɗa masa bokitin wanki.

Na ce, "Kai dai wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Dubi idonka! Dubi yadda ka koma kamar sandar rake da aka tsotse!"

Ya rage murya ya ce, "Tino, in na tashi daga tabarmar nan yanzu kin san sunan da za a sa mini. Ba ni kaɗai ba. Har Baba, har 'ya'yan da ba mu haifa ba. Ki ba ni zuwa Litinin, sai ki kai ni duk inda kike so, ko a kai za ki ɗauke ni."

Na san sunan. Akwai wani a ƙauyenmu da ya gudu ya bar tasa rabi. Har ya tsufa ba wanda ya taɓa ganinsa ba riga, ko a bakin teku. Muna yara mukan bi jikokinsa muna musu waƙar matsoraci.

Na ce masa zuwa Litinin. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da magariba

Asibiti.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, tsakar rana

Bari in rubuta, ko zai fita daga kaina.

Jiya aka ƙarasa cinyar dama. Matan coci sun zo da yawa, suka zauna a jikin bango suna waƙar da ake wa mai kwance don ya daure. Ni ma na yi, ina kicin ina bin su. Ɗaya daga cikin masu jan fata ya dafa cikin Niko ya ce, "Kai, kamar katako! Wannan ya iya ɗaure jiki." Baba ya buga hannunsa mai lafiya a keke ya ce, "Ɗana ne!" Mata suka ƙara ɗaga murya. Tufuga da kansa ya ce ya daɗe bai ga mai kwanciya irin wannan ba, ko motsi.

Na shigo da ruwan sha. Na ga fuskarsa ta juya gefe, bakinsa a buɗe, idonsa fari ne kawai. Ashe ba daurewa yake ba. Ya daɗe da suma, suna ta bugu, muna ta waƙa.

Na yar da kofuna, na tsallake tabarmar tufuga, na tsallake kayan aikinsa. Gwaggo tana ihu, "Zauna! Ba a tsayawa a kan tufuga! Ke ba ki da tarbiyya ne?" Na gaya mata wata magana da ba zan sa a takarda ba. Manase ne ya kira motar asibiti, yana kuka, zaninsa duk tawada.

Likitar tiyata mace ce, Likita Brennan, 'yar ƙarama mai furfura. Ta fito ta zaunar da ni. Ta ce babban hanji ya huje, ƙazanta ta zuba a cikin ciki, kuma ba ranar abin ya fara ba. Ta cire shi. Ta fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na cikinsa, an manna jaka a wurin, nan komai zai riƙa fita.

Ta ce, "Mutumin nan ya sha azabar da ba ta misaltuwa. Ya aka yi ba wanda ya lura?"

Na ce mata muna waƙa.

Sai na ji bakina yana tambayarta cibiyarsa fa. Ta dube ni kamar mahaukaciya, amma ta amsa. Ta ce ta kewaye ta, kuma da ta zo ɗinki ta yi ƙoƙari layukan jarfar su haɗu da juna. Na gode mata. Ban san me ya sa wannan ne ya sa ni kuka ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Ya farka. Hannunsa ya sauka a hankali kan cikinsa, ya bi ta kan jakar nan bai ko tsaya ba, yana laluben tsakiya.

Ya ce, "Tana nan?"

Na ce, "Tana nan."

Ya ce, "To ba komai."

Ba komai! An cire masa hanji mai tsawon hannuna biyu, wai ba komai.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da la'asar

Nas Glenda ta koya mana canja jakar. A yanka bakin daidai, a goge fata, a busar, a manna, a danna da tafin hannu har ya ɗau ɗumi. Ta ce wa Niko ya duba, ai jikinsa ne. Ya dubi silin. Ni na duba. Bakin hanjin ja ne, yana motsi shi kaɗai, a tsakiyar baƙaƙen layukan tufuga. Na yi aikin na gama, sannan na shige banɗaki.

Manase yana nan, a kujera yake kwana. Ya ce soa ba ya barin soa, shi ma ba za a taɓa cibiyarsa ba sai tare. Ya leƙa ya ce, "Yaya, wallahi kai ka huta. Yanzu ko fasto ya kai huɗuba yamma, ba sai ka fita ba. Ni fa ina neman irinta." Niko ya yi dariya har ya riƙe ciki yana cewa ɗan banza, fita ka ba ni wuri. Rabon da in ji dariyarsa tun watan jiya.

Baba ya roƙi tufuga, ya yarda ya ɗage tafiyarsa zuwa farkon Maris. Kowa sai murna, wai an samu lokaci. Lokacin me? Mutum ko zama bai iya ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da safe

Likita Brennan ta ja labule ta zauna a bakin gado. In likita ya zauna, to ka shirya.

Ta ce ta duba ƙasa lokacin tiyata. Ƙurajen nan da yake ɓoyewa shekara da shekaru sun haƙa ramuka, sun cinye naman da ke riƙe bayan gida. Ko da ta haɗa masa hanjin da can, ba abin da zai riƙe. Jakar ba ta wucin gadi ba ce. Nan gaba, in ya yi ƙarfi, akwai wata tiyata, a cire ragowar a rufe wurin gaba ɗaya. Allurar kuma zai koma mata, ba fashi.

Niko ya saurara har ta gama. Sai ya ce, "Likita, yaushe za a iya yi mini jarfa a cibiya?"

Ta ce, "Ka ji abin da na faɗa kuwa?"

"Na ji. Ɗan wuri ne, bai kai tafin hannun jariri ba. Kafin ki sha shayi an gama."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Bari ɗinkin ya warke tukuna, sai ka sake tambayata. Ban ce e ba."

Ta fita, ya juyo ya ce mini, "Kin ji? Ba ta ce a'a ba."

Akwai tambayar da ni na so in yi mata game da tiyata ta gaba, da abin da take yi wa namiji. Ban yi ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan coci

Da ban je ba. Gwaggo tana bi tana gaya wa mutane wai ɗan ƙari ne aka cire masa, mako mai zuwa zai koma tabarma. A wajen cin abinci na ji Sesilia, matar dikon mai taimaka wa fasto, tana cewa, ba ta san ina bayanta ba, "Wasu dai motar asibiti ce ke ceto su daga hannun tufuga." Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Na ajiye farantina na ce, "Sesilia, ke da kika fi kowa ɗaga murya ranar Asabar ɗin nan? Kina waƙa mijina yana mutuwa a gabanki. Naki mijin da ko allurar rigakafi sai an riƙe shi, shi ne jarumin?"

Fasto ya ce haba Fuatino, ranar Ubangiji ce. Na ce shi ya sa na tsaya a nan.

A mota na yi kuka har na kasa ganin hanya.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma

Akwai wari a ɗakin. Ba na jakar ba ne, wannan na riga na san shi. Wani ne daban. Zazzaɓi ya dawo.

Talata, 18 ga Fabrairu, da la'asar

Ana wata ga wata.

Ɗinkin ya ruɓe. Da suka ɗaga bandeji fatar tsakiyar cikinsa ta yi baƙi, ba baƙin tawada ba. Niko ba ya gane kowa, yana ta ce wa Manase ya gaya wa tufuga yana zuwa, takalminsa yake nema.

Likita ta fito da ni baranda. Baba yana wurin a kekensa, Manase ya turo shi. Ta ce naman yana mutuwa, yana kuma ci gaba. Dole ta yanke duk abin da ya mutu har ta kai ga mai jini. Cibiya tana tsakiyar wurin.

Na ce, "Ki bar masa ita. Don Allah Likita, ki yanke komai ki bar masa ita. Ba ki san mece ce ba a wurinmu."

Ta ce, "Ya gaya mini, na sani. Zan iya rage yankan in bar ta, mu zauna muna fata. In ruɓar ta wuce ta ƙarƙashinta, ba na jin zai kai Lahadi. Da mijina ne ba zan bar ta ba. Amma shi ba ya cikin hayyacinsa, ke za ki faɗa."

Gaba kura baya siyaki. Na dubi Baba. Shi ne ya ɗauko tufuga, shi ne ya ce ɗana ne, to ya buɗe baki mana! Ya dubi tayoyin kekensa. Can ya ce, "Ke ce matarsa."

Yanzu na zama matarsa. Da ina girki ni ce mai gishiri ya yi yawa.

Na ce ta yanke.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da safe

Yana numfashi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da safe

Yana numfashi. Zazzaɓi ya sauka. Kowa yana cewa an gode Allah, ni ma ina faɗa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, tsakar rana

Jiya ya dawo hayyacinsa. Hannun nan ya sake sauka yana lalube, amma bandejin ya yi kauri. Ya dube ni, na tashi na ce bari in ɗebo ruwa. Ruwa yana nan cike a jug.

Yau aka zo wanke ciwon. Na roƙi nas ta sa masa tawul a fuska, ta ce ai yana da ikon ganin jikinsa. Mutumin da ya ƙi duban jaka, yau ya ɗago kai da kansa. Rami ne mai faɗi, ja, daga ƙasan ƙirji har mara. Layukan jarfar suna zuwa daga dama da hagu, su iso bakin ramin su tsaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji mutane. To shi ba abin ɓoyewa ma.

Ya jira nas ta fita. Ya ce, "Wa ya ce a cire?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "To."

Shi ke nan. To. Da ya zage ni, da ya jefe ni da kofi, da na san yadda zan yi da shi. Na ce, "Niko, mutuwa za ka yi fa. Ka ji ni? Mutuwa!" Ya ce ya ji. Ya ce in rage masa hasken taga.

Talata, 25 ga Fabrairu, da la'asar

Tufuga ya zo asibiti da fararen kayansa na coci. Ya zauna a ƙasa kusa da gado, ya ƙi kujera. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce a buɗe masa ya gani. Ya daɗe yana kallo.

Ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Baba tufuga, in wurin ya warke fa? Ba sai ka yi ta a inda take da ba? Ko sama kaɗan, ko a gefe. Wa zai auna?"

Ya ce, "'Yata, ba ado ake yi wa cibiya ba. Nan aka yanke mutum daga uwarsa, nan ake rufe aikin. Abin da ubana ya koya mini ke nan, shi ma haka nasa uban ya koya masa. Ba wanda ya bar mini hanyar wannan."

Na ce, "To ka fasa masa ƙwan mana. Ya sha wuyar da ta fi ta kowa!"

Ya ce, "Ba na sallamar aikin da ban gama ba. In na yi, ƙarya na yi masa, kuma shi ya sani."

Ya juya ga Niko ya kama hannunsa. Ya ce, "Ɗana, a hannuna ka suma ina yabonka. Wannan zan tafi da shi kabarina. Duk wanda ya kira ka matsoraci ka turo mini shi."

Niko ya ce, "Savai'i da nisa, Baba."

Tsohon ya tashi ya fita. Ina so in tsane shi, na kasa. Ban da wanda zan tsana, shi ne abin da ke cina.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da yamma

Manase ya kafe, wai ba zai ƙarasa ba. Uwarsa ta zo har asibiti tana kuka a baranda. Niko ya sa aka kira shi.

Ya ce, "Je ka a rufe maka."

"Yaya, tare muka kwanta."

"Na ce ka je. Ɗaya ya isa gidan nan, kada mu zama biyu."

"In na je me zan ce wa kaina?"

"Ka ce yayanka ne ya kore ka. Kuma kada ka kira Mama a gaban mutane, ka ba mu kunya."

Manase ya kifa kai a gefen gado, kafaɗunsa suna rawa. Niko yana shafa masa kai yana kallon bango.

Asabar, 1 ga Maris, da magariba

A garejina aka yi. Ni na dafa gwazar, ni na naɗe ganyenta da madarar kwakwa, don in ban yi ba za a ce baƙin ciki nake. Tak-tak-tak ɗin bai daɗe ba, gaskiyar Niko, kafin a sha shayi an gama. Aka fasa wa Manase ƙwai a ka, aka shafe shi har yana ƙyalli kamar zinariya, aka sa shi ya tashi ya yi rawa. Ya yi rawar yana hawaye, mata suna shewa. An shimfiɗa tabarma biyu da safe, kafin baƙi su zo wani ya naɗe ɗaya ya jingine ta bayan firiza.

Baba bai ce ɗana ne ba yau. Ya kira ni da hannu, na je na durƙusa, ya buɗe baki ya rufe. Na jira, na jira, sai ya ce in ƙara masa ruwa.

Lahadi, 2 ga Maris, da safe

Jirgin tufuga ya tashi.

Juma'a, 7 ga Maris, da la'asar

Ramin yana cikowa, in ji su. Yana cin abinci. Ya koyi canja jakar da kansa, ya ce ba sai na riƙa yi ba. Yana ce mini na gode in na kawo abu, na gode in na ɗauke. Shekara tara da aure bai taɓa yi mini godiyar kofin shayi ba, yanzu kamar ma'aikaciyar otal.

Na tsokane shi ko zai tanka. Na ce gemunka ya yi kama da tsintsiyar gareji. Ya ce haka ne.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

An sallame mu. Na wanke zanin gado, na sa sabo, na sayi ƙaramin tebur na jera masa kayan jakar a gefensa. Na ma sa turare, ni da ba na sawa.

Ya shigo falo a hankali, ya tsaya ya dubi ƙofar ɗakinmu. Sai ya wuce kicin, ya buɗe ƙofar gareji, ya jawo tabarmar nan daga bayan firiza. Da ƙyar ya sunkuya ya shimfiɗa ta.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Ba a sallame ni ba."

"Likita ta sallame ka! Ga takarda!"

"Ba a fasa mini ƙwai ba, Tino."

"To wa zai fasa? Yaushe? Ka gaya mini yaushe in sa a kalanda!"

Ya kwanta ya juya mini baya. Bayan nan kuwa cikakke ne, ba inda aka rage, kyakkyawa kamar me.

Lahadi, 16 ga Maris, da la'asar

Ban je coci ba. Na jira unguwa ta yi shiru. Na ɗauko ƙwai ɗaya a firij, na riƙe shi a hannu har ya bar sanyi. Na kwaɓa kurkum ɗin miyata da man kwakwa a kofin shayi. Na sa fararen kayana na coci.

Yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Ya ga abin da ke hannuna. Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Falaniko ɗan Aleki, cire rigarka." Ya cire. Ban san kalmomin da tufuga ke faɗa ba, to na faɗi nawa. Na ce ka daure, ka fi kowa daurewa, ka daure har ka kusa kashe kanka, wawa kawai. Na ce aikinka ya ƙare. Na fasa ƙwan a tsakiyar kansa.

Ya gangaro ta goshi, ta gefen hanci, ya shiga gemu. Na shafa masa man a kafaɗa, a baya, a cinya, na kewaye bandeji, na kewaye jaka. Ya bar ni na yi har na gama. Yana kuka ba sauti, ni kuma da sauti. Ya kama hannuna ya ɗora a kumatunsa, duk muka ɓaci da kurkum. Na ce a raina shi ke nan, na samo mijina.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Tino."

Na ce, "To tashi mu shiga ciki."

Ya sake mini hannu a hankali. Ya ce, "Ke ba tufuga ba ce."

Ya ɗauki tawul ya goge kansa, ya mayar da rigarsa, ya kwanta. Na tsince ɓawon ƙwan ɗaya bayan ɗaya don kada tururuwa su dame shi.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Na gyara gado. Gefensa bai buƙaci gyara ba.